Ranar da Hanzala Ya Ba Alhaji Iliyasu Jan Kati

A unguwar Yelwa ta birnin Garwa akwai wani saurayi da ake kira Hanzala. Ya yi 'yan watanni a Yawunde yana koyon rubuta shafukan intanet, ya dawo da jakar kwamfuta a kafaɗa da tabarau wanda idonsa ba ya buƙata. Tun daga tashar mota ya fara gyara wa mutane zance. Shekarar da aka yi wannan abu ta kuɓuce mini. Na dai san shekarar zafi ce, amma a Garwa wannan bai rage komai daga cikin shekaru ba.

Abin da Hanzala yake so a duniya guda ɗaya ne, kuma ba ya ɓoyewa. A gidan matasa na unguwar akwai wani ɗaki da ake ajiye kwamfutoci, a cikinsa akwai na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanen Garwa ke kira kilim. Mai kula da ɗakin ya koma Ngaundere, makullin ya dawo aljihun Monsieur Étienne, tsohon malamin makaranta kuma shugaban kwamitin matasa. Duk wanda ya karɓi makullin nan zai wuce bazara da rigar sanyi, sauran jama'a suna narkewa a gindin darbejiya.

Ana haka sai gasar ƙwallon hutun Ista ta zo wasan ƙarshe, tsakanin unguwar Yelwa da ta Lopéré. Monsieur Étienne ya ce bana ba za a rubuta sakamako da alli ba. Za a kafa babban talabijin a bakin fili, kowa ya ga ci a kan allo kamar a manyan birane. Wanda ya yi wannan aiki ya yi kyau, makulli nasa ne.

Mutum biyu suka nema. Ɗaya Hanzala. Ɗaya kuma Gaëlle, wadda ta yi karatun kwamfuta a jami'a, take da shagon buga takardu a bakin kasuwa, kuma bakinta ya fi almakashin shagonta kaifi. Hanzala ya riga ta zuwa gidan shugaban. Ya yi bayani tun shayi yana tururi har ya huce, har Monsieur Étienne ya ɗaga hannu biyu.

"Ya isa, mon fils, ɗana. Ka yi. In ka kasa, sai ita."

"Président, in na kasa, ku cire mini tabarau a bainar jama'a."

Masu rubuta shafi ba komai suke ƙerawa da hannunsu ba. Akwai tarin umarni da wasu suka riga suka rubuta da harshen JavaScript, suka saka a intanet kyauta, ana kiransa laburare. Kai dai ka ce masa, ɗauko mini akwati kaza a shafin nan, ka rubuta kaza a ciki, sai ya yi. Hanzala ya sauko da irin wannan laburare, ya buɗe cikinsa yana leƙe, sai ya ci karo da wasu layuka masu yawa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya gane cewa aikinsu kawai lallashin tsofaffin burauza, wato manhajojin da ake buɗe shafi da su, waɗanda ba sa bin ƙa'ida wajen nemo abu.

Ransa ya ɓaci kamar an zagi kakansa.

Da yamma ya ɗauki kwamfutar ya tafi teburin mai shayi, ya buɗe ta tsakanin gwangwanin madara da burodi.

"Jama'a, ku zo ku ga ɓarna. Turawa da Indiyawa da 'yan Sin sun taru sun rubuta wannan abu, amma sai da ɗan Yelwa ya zo ya ga datti a ciki."

Bertrand, mai gidan kallon ƙwallo, ya leƙo da kofi a hannu. "Ni dai tururuwa nake gani a jere."

"To rabin tururuwan nan zaman banza suke. Burauza ta yi kuskure, maimakon a bar ta ta ji kunya ta gyara halinta, sai laburare ya bi bayanta yana share mata. Haka ake lalata yaro. Kuma wa ke ɗaukar nauyin? Wayarka, Bertrand. Kai da kake tsayawa a kan katanga kana neman réseau don intanet ya kama."

Wannan magana ta shiga kunnen mutane, don kowa ya san wahalar jiran shafi ya buɗe. Hanzala ya ga kawuna suna gyaɗawa, sai ya ƙara zafi. Ya zaɓe layukan nan gaba ɗaya, ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya sauke a kan madanni. Suka ɓace. Ya buɗe shafin, ya yi aiki sumul.

"Kun gani? Ya mutu?"

"Bai mutu ba," in ji mai shayi.

"Kuma don kada shaiɗan ya raya mini in koma baya..." Sai ya nemo asalin laburaren da ya sauko da shi, ya goge, ya bi shi kwandon sharar kwamfutar ya sake gogewa. Aka tafa masa. Mai shayi ya ƙara masa madara ba tare da ya roƙa ba.

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa masu laburaren a dandalinsu cewa su yi koyi da shi. Wani daga cikinsu ya amsa cikin ladabi, ya ce an gode da shawara, amma ya fara gwadawa a tsohuwar na'ura tukuna. Hanzala ya yi ta nuna wa mutane kalmar "an gode" yana rufe sauran da babban yatsa.

Washegari ya je shagon Gaëlle don a shigar masa da wasu hotuna biyu cikin kwamfuta. Ta karɓa tana kallonsa ta saman injin.

"Ingénieur, na ji ka yi wa laburare kaciya."

"Na rage masa tumbi, ma sœur, 'yar'uwata. In kina so in koya miki, ki zo da littafi."

"A wace na'ura ka gwada?"

"A tawa. Sabuwa fil."

"A ta gidan matasa fa? Wadda ta girmi wasu 'yan wasan?"

"Wannan ai tsohuwar tukunya ce."

"Tsohuwar tukunyar ita ce a unguwarku. Saurara. Kowane akwati a shafi yana iya samun lamba, yana iya samun suna. Sabuwar burauza, in ka ce ta kawo mai lamba kaza, shi za ta kawo. Tsohuwar kuwa daga saman shafi take farawa, duk akwatin da ta fara gani da wannan kalma, a lamba ne ko a suna, shi za ta cafko ta miƙo maka. Layukan da ka goge su ne ke duba abin da ta kawo, su ce mata a'a, koma."

"To laifin wa?"

"Laifinta."

"Alhamdu lillahi! Da bakinki. Laifinta ne, ta gyara halinta. Ni ba yaron gidanta ba ne."

"Waɗanda suka ƙera ta sun manta da ita tun kana tsere da taya a layi. Wa zai gyara ta? Mutanen da za su zo kallo ba su zaɓi burauza ba, ƙwallo suka zo gani."

"In kowa ya ci gaba da lallashi, yaushe duniya za ta ci gaba?"

"Duniya ta ci gaba ranar Litinin. Wasan ranar Asabar ne. Kawo shafin in duba maka."

Hanzala ya rungume jakarsa. "Don ki kwafe? Na san irinku."

Hotunan nan biyu da ya kawo, su ne ainihin abin. A Garwa ba a yin taro a bar sunan wanda ya ɗauki nauyi a ƙasa. Uban ƙungiyar Yelwa shi ne Alhaji Iliyasu, dillalin albasa, wanda ya sayi kofin gasar da kansa. Uwar ƙungiyar Lopéré ita ce Mama Berthe, 'yar Mokolo, mai sayar da waken soya buhu-buhu, wadda ta ɗinka wa 'yan wasanta riguna. Rumbunansu suna kallon juna a kasuwa, kuma sun shekara da shekaru suna gaisawa da safe suna tsokanar juna da rana.

Alhaji ya kira Hanzala har rumfarsa. "Yaro, sunana a sama. Cikakke. Alhaji Iliyasu Mai Albasa, Uban Matasan Yelwa. Kada ka ci ko harafi."

"Baba Alhaji, daga gadar Binuwai za a karanta shi."

Mama Berthe ta tare shi a hanyar fita. "Ɗana, in nasa ya fi nawa tsawo da ɗan yatsa, kada ka sake bi ta layin nan."

Sai Hanzala ya ƙara akwati biyu a can saman shafi, ƙarƙashin hotunan, ya rubuta sunayensu. Da ya zo raɗa wa akwatunan suna, bai wahalar da kansa ba. Na Alhaji ya kira shi yelwa, na Mama ya kira shi lopere. Akwatunan ci kuwa, da ke ƙasa, lambobinsu ke nan tun farko, yelwa da lopere. A kwamfutarsa komai ya tafi daidai. Har ya ƙara kwalliya, madannin jan kati, wanda in an taɓa shi akwatin ƙungiyar zai yi ja yana walƙiya, ya rubuta KORA, FITA WAJE, da ƙarar usur.

Ranar Asabar fili ya cika tun rana tana tsaka. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗora kofi a kan tebur. Alhaji ya zauna a dama cikin babbar riga, Mama Berthe a hagu da mafici, Monsieur Étienne a tsakiya kamar katanga. Bertrand ya kawo babban talabijin ɗinsa a baro, aka tayar da janareta.

Hanzala ya iso da kwat a cikin wannan zafi. Ya ɗauki wayar talabijin zai soka a kwamfutarsa, ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Ya hura mata iska.

"Bertrand, wayarka ta tsufa."

"Wayata ta nuna kofin duniya. Kwamfutarka ce ba ta da baki."

Aka duba, aka tambaya. A duk unguwar na'ura ɗaya ce bakinta ya dace da wayar, tsohuwar ta gidan matasa. Aka koma da baron aka ɗauko ta. Ta yi tari, ta yi gurnani, ta buɗe ido. Hanzala ya zuba mata shafinsa. Hotuna suka fito, sunaye suka fito cikakku. Alhaji ya gyara hula. Mama Berthe ta auna tsawon sunayen da ido ta ga ba a cuce ta ba. Hanzala ya waiwaya ya nemo Gaëlle a cikin taro, tana tsaye da lema tana shan ruwan leda, ya ɗaga mata gira.

Alƙalin wasa ya hura usur. Hanzala ya danna madannin farawa, wanda aikinsa ya rubuta sifili da sifili a akwatunan ci.

Tsohuwar burauza ta fara nema daga sama, kamar yadda ta saba. Sunan Alhaji ya ɓace. A ƙarƙashin hotonsa, da hularsa da murmushinsa, aka ga ƙaton 0. A ƙarƙashin Mama Berthe ma 0. Akwatunan ci suna nan wayam.

Sai wani daga bayan raga ya ɗaga murya. "Alhaji sifili!"

Dariya ta zagaye fili har 'yan wasa suka tsaya suna waige.

"Yaro," in ji Alhaji a hankali, "mene ne wancan a ƙarƙashin gemuna?"

"Gwaji ne, Baba Alhaji. Haka ake yi a Turai, ana fara kowa daga sifili."

"Ni daga buhu ɗaya na fara, ban taɓa farawa daga sifili ba."

Mama Berthe ta yi fifita. "Bar shi, Alhaji. Yau dai an auna mu, an ga nauyinmu ɗaya."

Hanzala ya sake rubuta sunayen da sauri, gumi yana bin kwat. Bai gama sauke numfashi ba Yelwa ta jefa ƙwallo a raga. Murna ta kwashe shi, don shi ma ɗan Yelwa ne, ya danna madanni da ƙarfi. Sunan Alhaji ya sake tafiya, 1 ya zauna a wurinsa.

"An ƙara wa Alhaji girma!" in ji muryar bayan raga.

Alhaji ya duba allon, ya duba Mama Berthe, ya ga abin bai yi muni sosai ba. "To, wannan dai da ɗan dama. Na ɗaya."

Ba a daɗe ba Lopéré ta rama, ta kuma ƙara. Hanzala ya tsaya da yatsa a sama, ya rasa ko ya danna ko ya bari.

"Danna mana!" in ji Mama Berthe. "Ko sai nasu kake gani?"

Ya danna sau biyu. Mama Berthe 2, Alhaji Iliyasu 1.

"Kada ka taɓa komai, ɗana," in ji Mama Berthe. "Bar shi. Haka nake so. Wa ke da waya mai hoto? A ɗauka, zan manna a rumfa."

"Étienne," in ji Alhaji, "kofin nan ni na saya ko ita?"

Monsieur Étienne ya sunkuyo wajen Hanzala yana magana ta cikin haƙora. "Ka gyara abin nan yanzu."

"Président, ba laifina ba ne. Burauzar ce ba ta bin ƙa'ida. Ni shafina daidai yake da dokar duniya."

"Dokar duniya ce ke zaune a damana tana huci? Mayar da abin da ka cire."

"Na goge shi."

"Ɗauko na asali."

"Shi ma na goge."

"Da shaidu," in ji mai shayi daga gefe. "Har madara na ƙara masa."

A fili babu intanet da zai ɗauki ko gaisuwa, balle laburare. Sai dabara ta zo wa Hanzala. Tunda ɓarnar a sama take, a rufe sama. Ya tuɓe kwat ya yafa a kan rabin talabijin. Hotuna biyu suka shige ƙarƙashin baƙin yadi.

Mama Berthe ta miƙe tsaye. "Kai! Ka lulluɓe ni da raina? Yesu! Cire, cire!"

"Ni ma ka yi mini likkafani da kwat?" in ji Alhaji. Karo na farko ke nan da aka ji su biyun a gefe ɗaya.

Hanzala ya fizge kwat ɗin, ya haɗa da wayar janareta, allo ya mutu. Aka sake tayarwa, tsohuwar na'ura ta sake tarinta, sunaye suka dawo cikakku. Hanzala ya ɗaga hannu sama kamar shi ya shirya haka. Ya yanke shawara a ransa ba zai sake taɓa madannin ci ba, a bar sunayen su zauna lafiya har a tashi.

Ana cikin haka la'asar ta yi. Alhaji ya miƙe, ya tattara babbar riga, ya ɗauki buta, ya nufi bakin fili inda ake shimfiɗa tabarmi. A daidai lokacin Dimitri, mai tsaron bayan Yelwa, ya kwashe ƙafar ɗan Lopéré kamar mai girbin dawa. Alƙali ya zaro jan kati.

Hanzala ya yi tunani da sauri. Madannin ci ne ke da matsala. Na jan kati daban ne, kuma shi ne kwalliyar da ya fi alfahari da ita, bai nuna wa kowa ba tukuna. Wannan ce damar da zai wanke kansa. Ya gyara tabarau ya danna.

Usur ya tashi daga talabijin da ƙarar da ta fi ta alƙali. Ƙarƙashin hoton Alhaji ya yi ja jawur yana walƙiya. KORA, FITA WAJE. Kuma ga Alhaji Iliyasu da kansa, a idon Yelwa da Lopéré, yana fita daga fili da buta a hannu.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suke wurin a ranar, har yau ba sa iya ba da labarinsa ba tare da sun zauna ba. Mai tsaron gidan Lopéré ya kwanta a cikin raga. Dimitri, wanda aka kora da gaske, ya bi bayan Alhaji yana cewa, "Baba, jira ni mu tafi tare." Mama Berthe ta yi dariya har mafici ya faɗi, tana cewa, "Me ya yi? Alƙali, me ya yi? Albasa ya sa wa wani a ido?"

Alhaji ya tsaya cak. Ya juyo ya karanta allon. In ya ci gaba, ya bi umarni. In ya koma ya zauna, salla tana jira. Ya dawo rumfa a natse, ya ajiye buta, ya ɗauki kofin gasar ya saƙale a hammata, ya sake ɗaukar buta.

"Tunda an kore ni, da kayana zan tafi."

'Yan wasa suka daina gudu, don babu abin da za a yi gudu dominsa. Monsieur Étienne ya bi Alhaji yana "Alhaji, pardon, Alhaji, useni," ya waiwayo yana ƙwala kira. "Gaëlle! Ina Gaëlle?"

Ta taho ba gaggawa, ta naɗe lema, ta miƙa wa Hanzala. "Riƙe mini, Ingénieur." Ta ciro ɗan filashi na ajiyar bayanai daga jakarta, inda cikakken laburaren yake da tumbinsa da komai, ta soka, ta mayar da shi wurinsa. Ta sake buɗe shafin. Kafin Alhaji ya sallame salla, kofin yana gefen tabarmarsa, sunansa ya dawo har da Uban Matasan Yelwa, ci ya sauka inda ake ajiye ci, ja ya koma kan ƙungiyar da aka yi wa kora.

Alhaji ya dawo da kofin bayan an karanta sunansa a lasifika, cikakke, kuma ya sa an maimaita don na bayan raga. Lopéré ce ta ci wasan, ko da yake wasu sun ce an yi kunnen doki aka je bugun fanareti. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, Alhaji da hannunsa ya miƙa wa Mama Berthe kofin, ita kuma ta ce masa ya yi ƙoƙari, ga mutumin da ya buga rabin wasa a waje.

A nan gaban rumfa Monsieur Étienne ya ciro makulli.

"Président, a yi adalci," in ji Hanzala. "Kowa ya gani da idonsa. Laifin burauza ne."

"Gaskiya ne, mon fils. Shi ya sa ita ma ba zan ba ta makullin ba." Ya saka shi a tafin Gaëlle. Sannan ya miƙo hannu. "Akwai maganar tabarau."

Hanzala ya cire ya ba shi. Ya lura yana gani sarai.

Da yamma a teburin mai shayi ya bayyana cewa shi ne mutum na farko a arewacin Kamaru da ya tona asirin tsohuwar burauza a gaban dubban jama'a, kuma zai rubuta wa masu laburaren ya sanar da su. Mai shayi ya zuba masa shayi ba madara.

Bayan 'yan kwanaki zafi ya kai inda kwalta ke kama takalmi. Hanzala ya bi ta gidan matasa, ya ji kilim yana waƙa a bayan ƙofa. Ya ƙwanƙwasa. Gaëlle ta buɗe kaɗan, sanyi ya fito ya shafi fuskarsa. Tana sanye da rigar sanyi.

"Ma sœur, jam na, kina lafiya? Na ce ko zan ɗan shigo in duba wani abu. Zafin nan zai kashe mutum."

Ta leƙa sama ta dubi rana, ta dawo da ido kansa.

"Laifin wa?"

"Laifin rana mana."

"To, da bakinka. Jira ta gyara halinta."

Ta rufe ƙofa.